Rowar Ruwa a Gidan Inna

Ni dai ban taɓa son kifi ba sai a miya. Mai gidana ne ya ɗauko mana wannan jidali lokacin muna Yamai, yana koyarwa a kolej, ni kuma ina ɗinki a gida. Wani likita baƙo da ke maƙwabtaka da mu zai koma ƙasarsu, ya rasa wanda zai bar wa akwatin gilashinsa da kifayen da ke ciki, sai nawa mijin ya ɗaga hannu kamar ɗan lakwal a gaban malaminsa a aji. Da na ga an shigo mini da abin ɗaki na kira shi yadda ake kiran malamin boko a wurinmu, na ce, "Mushe, mutane na kiwon tumaki, kai ka tsaya kiwon abin da ko layya ba ya yi?" Ya yi dariya, ya ce sunansu gurami. Na ce ko sarauta aka naɗa musu, ni ba zan ɗebo musu ruwa ba.

Shuɗi-shuɗi ne, tsawonsu bai wuce yatsa ba, da ɗigo biyu baƙaƙe a jiki. A ƙarƙashin ƙirjinsu akwai wasu zaruruwa dogaye da suke shafa komai da su, kamar makaho da sandarsa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, jim kaɗan sai ka ga ɗaya ya taso sama, ya fito da bakinsa, ya ɗauki iska, ya koma ƙasa. Mushe ya ce iska suke sha kamar mu, shi ya sa ba su buƙatar injin hura ruwa, kuma ko an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ba ruwansu. Saboda haka ba a cika musu akwatin har baki, sai a bar kamar faɗin tafin hannu. Suna kuma tsalle, don haka akwai murfin gilashi, amma a kan ƴan sanduna biyu ake ɗora shi, iska ta samu hanya. Duk wannan karatu ya yi mini shi ina taka keken ɗinki, ina jinsa da rabin kunne.

Zamanin soja ne. A wani taron malamai ya buɗe baki ya yi magana a kan hatsin taimako da ba ya isa ƙauyuka. Na sha gaya masa bakin nan nasa zai ja mana, bai ji ba. Da rana tsaka mutanen gwamnati suka zo, muna cin abinci. Ba su yi masa tsawa ba, cewa suka yi ƴar tambaya ce. Ya wanke hannu, ya sa takalmi, da ya kai ƙofa ya waiwayo ya ce, "Ki kula mini da kifayen nan har in dawo."

Wallahi raina ya ɓaci. Bai ce ki kula da kanki ba, bai ce kada ki yi kuka ba, kifi! Amma ita ce maganarsa ta ƙarshe, ba ni da wata.

Na bi ofis-ofis har takalmina ya tsinke, kowa ya ce bai san inda aka kai shi ba. Gidan da muke ciki na gwamnati ne, aka ce in tashi. Babana, da ke wani ƙauye gaba da Bonkuku, ya aiko in dawo gida. Na ƙi, domin mace ta kwashe kaya ta koma gidansu, ai ta ce aure ya mutu ke nan ko mijin ya mutu. Sai na nufi Filinge, gidan uwarsa.

Tafiyar nan ba zan manta da ita ba. Akwatin na naɗe shi da barguna aka ɗaure a saman mota, kifayen kuma suna cikin bokiti a kan cinyata, na rufe da mayafi. Duk ramin da muka faɗa, ruwa ya fallatso mini a zane. A shingen Baleyara wani soja ya ɗaga mayafin da bakin bindiga, ya leƙa, ya ce, "Madam, waɗannan ko yaro ba za su ƙosar ba." Mutanen mota suka yi dariyar da ake yi wa mai bindiga. Ni ma na yi. Biyu sun mutu kafin mu isa, sauran suka kai da ƙyar, na kuwa rantse ba zan sake ɗaukarsu hanya ba.

Inna, uwar mijina, mutuniyar Kurfai ce ta asali, siririya, busasshiya, mai kaifin ido. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ita kaɗai ce a gidan da awakinta. Mai gidana ɗanta ne na fari, saboda haka ba ta kama sunansa, ba ta zama inda yake, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma Inna ta riƙe ta da ƙarfi. Da na iso ta karɓe ni, ta ba ni fura, ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen Yamai. Shi kuwa ko da kalma ɗaya. Sai da aka kwance akwatin na zuba kifayen, ta tsaya ta daɗe tana kallo, ta ce, "Abin ga na mutumin ga ne?" Na ce nasa ne. Ta ce, "To, baƙi ne. A ba su wuri."

Haka na shiga zaman Filinge. Ba wanda ya ɗaure ni, ba wanda ya sa mini kwaɗo a ƙofa, amma ban taɓa jin ƙunci irin na shekarun nan ba. Matan unguwa da farko sun kawo ɗinki, da labari ya bazu cewa matar wanda aka kama ce, sai suka riƙa aiko yara su karɓi yadinsu ba a ɗinka ba. A rijiya in na iso hira ta mutu. Akwai wani mutum da ke wuni a gindin dogon yaro daura da ƙofarmu, ba ya sayar da komai, ba ya jiran kowa. Ban zargi matan ba, kowa na da ƴaƴa. Amma na ji haushinsu, har yau ma in na tuna ina ji.

Ga kuma kifaye. Ruwan rijiyarmu yana da ɗan gardin kanwa, sai na bar shi ya kwana a randa kafin in zuba musu. Ba a canza ruwan gaba ɗaya, kaɗan ake zuƙewa da tiyo daga ƙasa, a mayar da sabo a hankali. Abincin gwangwani da likitan ya bari ya ƙare tun da wuri, na koma daka busasshen kifi da ɗan gero, da ƙwanduwar ƙwai in an samu. Da damina ina bin kududdufai da rariya ina tace ƴaƴan sauro, yara na bina suna dariya. Da sanyi in lulluɓe akwatin da bargona, ni in kwana da zane. Ban isa in je biki a wani gari ba, ban isa in kwana a gidan mutuwa ba. Na tsane su, in faɗi gaskiya, kuma ba na iya barinsu. Can cikin zuciyata na ƙulla wani abu da ban gaya wa kowa ba: muddin suna tasowa suna ɗaukar iska, shi ma yana numfashi a inda yake. Ina salla, na san wannan shirme ne. Sani bai hana ni ba.

Faɗanmu na farko da Inna a kan kumfa ne. Wata safiya na ga kumfa ta taru a kusurwar akwatin, babban namijin na ƙarƙashinta yana ta tofa wata. Mushe ya taɓa nuna mini, sheƙarsu ce, a ciki suke ajiye ƙwai. Na yi murna, na tafi rijiya. Kafin in dawo babu kumfa. Washegari ya sake yi, na fita, na dawo, babu. Rana ta gaba na laɓe, sai ga Inna da ludayi tana kwashewa a hankali kamar mai yaɗe man shanu.

Na ce, "Haba Inna! Me ya yi miki?"

Ta ce, "Ƙazanta ce. A gidana ba a barin kumhwa bisa ruwa."

Na ce gidansa ne take rushewa kullum, a nan matarsa za ta yi ƙwai. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ta ga tsuntsu da sheƙa, ta ga gara da shuri, amma gidan miyau sai a wurin mutanen Yamai. Duk da haka ta ajiye ludayin. Da aka yi ƙwan, namijin ya juya wa macen da duka, yana korarta kusurwa-kusurwa, ba ta da wurin gudu, har gashin wutsiyarta ya yayyage. Inna ce ta kawo tsingaron tukunya ta ce in kifa mata a ƙasa ta samu maɓoya. Ta yi tsaki ta ce, "Maza dai ko cikin ruwa."

Daga ranar da ƴaƴan suka ƙyanƙyashe, ƙanana kamar gashin ido, Inna ta zama tasu. Yawancinsu ba su yi rai ba, amma an samu waɗanda suka girma. Ta riƙa fita bayan gari tana tono musu gara. Da safe kafin ta amsa gaisuwata sai ta ce, "Baƙinmu sun ci?" In ta gama aikinta ta jawo kujerar tsuguno ta zauna a gabansu, ta sa yatsa a jikin gilashi, su zo suna miƙo zaruruwan nan. Ba ta taɓa cewa tana kewar ɗanta ba. Ni dai ina ganinta.

Abu ɗaya ne ba mu taɓa shiryawa a kansa ba. Inna ba ta iya ganin mazubi a rage. Randarta kullum a cike take har wuya, da faifai a kai, da ɗan dutse a kan faifan. Ta tashi a ƙauyen da ake tafiya mai nisa kafin a ga rijiya, kuma a wurinta miƙa wa baƙo ƙwarya rabi zagi ne. Duk sanda ta dubi akwatin sai ta ce, "Ɗiyata, kina yi ma baƙin ga rowar ruwa." Na gaya mata iska suke sha. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ashe boko ya kai ga kihi. Na gaji da bayani, na bar ta da dariyarta.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Wani lokaci a ce an ga waɗanda aka kama a arewa can cikin hamada, wani lokaci a ce ai tuni an rufe su a rami. Sai cikin wata bazara mai zafi, irin wadda ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu, aka aiko babana ya rasu.

Wannan kam babu zancen ƙin tafiya. Na nuna wa Inna garin abincin, na nuna mata yawan da za ta zuba. Na jiƙa buhu na naɗe akwatin saboda zafi, na ce ta riƙa yayyafa masa ruwa. Har na sa ƙafa waje na dawo na ce, "Inna, don Allah kada ki ƙara musu ruwa. Ko kin ga ya ragu, ki bar shi har in dawo. Kada ki cika."

Ta ce, "Tahi abinki, ɗiyata. Allah shi gahwarta mishi."

Na yi zaman makoki a ƙauyenmu, hankalina rabi a can rabi a nan. Ƴan'uwana suka ce in zauna, me zan koma yi a gidan da babu miji? Na ce akwai abin da na bari. Da suka ji kifi ne, yayata ta ce an yi mini asiri.

Da la'asar na sauka a tashar Filinge. Tun daga ƙofar gida na ji shirun ya yi yawa. Awaki na kuka ba a ba su dusa ba. Inna na zaune a ƙasa a bakin ɗakina, ba tabarma. Ban ma gaishe ta ba, na tsallake ta na shiga. Akwatin cike yake fal, ruwa har baki. Murfin gilashin na kwance a kan ruwan, ya manne, da dutse a kai. Sandunan nan biyu an jera su a gefe da kyau. Babu kifi ko ɗaya.

Ta ce daga bayana, "Baƙinmu sun tahi. Na rufe su gindin katanga, ban ba kyanwa ba."

Ban san sanda na fara ihu ba. Uwar mijina ce, ban taɓa ɗaga mata murya ba, amma ranar nan har maƙwabta sun ji. Na ce ban gaya miki ba? Ban dawo daga ƙofa na roƙe ki ba? Ta bar ni na gama. Sannan ta ce zafi ne ya riƙa shanye musu ruwa, kullum yana raguwa, ita kuwa ba za ta zauna tana kallon baƙin mutumin ga cikin ƙishi ba. Da kanta ta je rijiya, da wannan tsohon wuyan nata, ta yi ta jido har ta cika. Ta cire sandunan don kada rana ta sake sata. Ta ce, "Da kinka ce kada in cika, na ɗauka tausayina kike ji. Ai haka ɗiyar kirki ka cewa."

Na ce, "Inna, iska suke sha! Kin toshe musu iska. Nutsewa suka yi."

Ta ce, "Kihi shina nutsewa cikin ruwa?"

Na ce wannan irin yana yi.

Sai ta ɗago ta dube ni, ta yi tambayar da ba ta taɓa yi ba tun zuwana: "To shi hwa? Shina da rai?"

Nan na zauna kusa da ita a ƙasa. Ashe abin da na ƙulla a zuciyata ita ma ta ƙulla shi, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa. Na ce rai na hannun Allah, kifi kifi ne. Na faɗa da ƙarfi, amma ni kaina ban yarda da muryata ba.

Wani zai ce ai daga nan na huta. Babu tace ƴaƴan sauro, babu tiyo, ina iya zuwa inda na ga dama. Ina fa! Inna ta rage cin abinci, ta daina fita, ta bar randarta ta yi rabi ba ta kula ba. In na ce zan leƙa Yamai neman labari sai ta kama bakin zanena kamar yarinya. Na kwashe ruwan akwatin na kife shi a kusurwa, na koma kiwon tsohuwa. Da safe ni ke tambaya ko ta ci.

Sai sojan da ke mulkin ƙasar ya kwanta ciwo ya rasu, wanda ya gaje shi ya fara sassautawa. Aka riƙa jin an saki wane, an saki wane. Mutumin gindin dogon yaro ya ɓace. Matan unguwa suka tuna ina ɗinki. Ran wata kasuwa, ina tankaɗe a tsakar gida, wani dattijo ya yi sallama da ƴar jaka a hannu. Na amsa, na ce Inna na ciki. Sai da ya kira ni da sunan da shi kaɗai ke kirana na gane shi. Ya rame, haƙoransa na gaba sun zube, yana ƙanƙance ido kamar hasken na cizonsa. Na saki rariyar, garin ya zube, na yi ta kuka ina zaginsa, ina cewa ai ga irinta nan, baki, baki! Inna ta leƙo sau ɗaya, ta ga shi ne, ta zagaya bayan rumbu ta zauna. Gida ya cika da masu barka, har da waɗanda suka karɓe yadinsu.

Sai washegari da hantsi muka samu kanmu. Muna ɗaki, na tura ƙyaure don masu gaisuwa su ɗan bar mu. Idonsa ya faɗa kan akwatin a kife. Na gaya masa duka, da bokitin, da kumfar, da rasuwar babana, da yadda Inna ta cika ruwan ta manne murfin. Ina cikin magana na ga gumi na keto masa, yana jan numfashi da baki. Ya ce, "Buɗe ƙofar nan." Na buɗe. Ya fita ya zauna a tsakar gida cikin rana.

A nan ya ba ni labari, kuma bai sake ba da shi ba. Ya ce ɗakin da aka ajiye su ba shi da taga, sai wata ƴar kafa a saman ƙofa. Da bazara layi suke yi, kowa ya miƙa fuskarsa wurin kafar ya ja iska kaɗan ya ba na baya. Gajeru sai an ɗaga su. Shi dogo ne, ya ɗaga mutane da yawa, har da waɗanda da ya sauke su ba su sake tashi ba.

Sannan ya ce, "Kifayen, sun daɗe kafin su mutu?"

Na buɗe baki zan ce nan take suka tafi, ba su sha wuya ba. Sai muryar Inna ta fito daga bayan rumbu. Ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye a gabana ba.

Ta ce, "Sun daɗe. Tun hantsi har la'asar suna tasowa suna bugun gilashi da baki. Ina zaune ina kallonsu. Na ɗauka murna suke, sun samu ruwa."

Can ya tashi, ya tambaye ni inda muke ajiye guduma. Ya nufi ƙofar ɗakinmu ya fara cire ƙyauren, ƙyauren na neman faɗo masa. Inna ta taso ta zo ta riƙe masa shi har ya zare ƙusa ta ƙarshe. Ba ta dube shi ba, shi ma bai dube ta ba.